Sharhin Fim: Wa Ya Harbo Red Baron?

Mai karatu, in ka zauna kallon The Red Baron, fim ɗin darakta Nikolai Müllerschön na 2008, don ka ga yadda aka kashe Manfred von Richthofen, to ka yi zaman banza. Ba a nuna ba sam.

Alhali nan ne naman labarin yake. Richthofen, matuƙin Jamus mai jan jirgi mai fukafukai hawa uku, ya kakkaɓo jirage 80 a Yaƙin Duniya na Ɗaya, kafin ajali ya cim masa a Faransa ranar 21 ga Afrilu, 1918, yana ɗan shekara 25. Sojan saman Birtaniya suka ce Roy Brown, ɗan Kanada, shi ya harbo shi. Sai dai Brown ta baya ya biyo shi, daga sama, harsashin kuwa ta haƙarƙarin dama ya shiga, ya haura ya fita ta ƙirjin hagu. Shi ya sa masana da yawa ke ganin aikin sojojin Ostareliya ne daga ƙasa, an fi ambatar Cedric Popkin.

Darakta ya tsallake wannan taƙaddama kaf, ya ƙago wa Richthofen da Brown abota, har da zaman hira, ya cika mu da soyayyar wata nas. Haba! Faɗan sama dai ya ƙayatar, ko da yake aikin kwamfuta ya fito fili. Joseph Fiennes ma ya yi ƙoƙari a matsayin Brown, amma an ba shi rawar da tarihi bai san da ita ba.