Amsa-Kuwwa da Tsawon Wasali: Tsokaci a Kan Kiɗan Dub

A shekarun 1970 King Tubby na birnin Kingston a Jamaika ya shahara da salon dub, wato zare muryar mawaƙi daga faifai, a bar ganga da amo mai kauri, a maimaita guntuwar kalma har ta dushe. Irin wannan amsa-kuwwa nakan ji daga lasifikokin biki a Bulumkutu, inda na sauka da aiki ya kawo ni Maiduguri. To amma a Hausa tsawon wasali ma'ana ne. Idan na'ura ta ja sauti, sai gàrii na zama ya koma gàarii na tuwo, baiti ya rikice. A ganina kalangu ya fi muryar mawaƙi jure wannan salo, domin karin sautin da yake kwaikwayo yana nan ko an maimaita shi sau goma.