Jinjina ga Masu Haɗa Wayar Motar Lantarki

A Maiduguri, inda Mustapha Gajibo ya yi suna wajen mayar da ƙananan bas masu shan fetur zuwa na lantarki, fasinja ba ya ganin aikin da ya fi wuya. Sauke tsohon inji aikin ƙarfi ne. Haɗa kwantirola kuwa, akwatin da ke auna wa sabon injin wutar batir gwargwadon yadda direba ya taka totur, sai mai natsuwa.

Dubi gwani a bakin aiki. Manyan wayoyi ruwan lemo daban, siraran wayoyin sigina daban. Kafin babban makunni ya haɗe, sai ya bi da wutar ta 'yar rezisto, kafasitocin cikin kwantirolar su cika a hankali. In aka yi garaje, tartsatsi ya narkar da bakin makunnin ya liƙe. Ranar gwaji ya ɗora motar a kan jak, tayoyi a sama, mita a hannu, domin in biyu cikin wayoyi ukun injin suka sauya wuri, taya na iya juyawa baya.

Rayukan fasinjoji ke hannunku, malamai, kuma kun riƙe amana. Allah Ya ƙara basira.