Asali da Ma'anar Kalmar "Mijin-ta-ce": Wata Matsala ta Fassara

A cikin wannan 'yar takarda muna so mu duba kalmar "mijin-ta-ce", mu auna ta da kalmar Ingilishi "uxorious", wadda mai fassara zai yi saurin ɗauka cewa ita ce takwararta. Ra'ayinmu shi ne ba laifi ɗaya kalmomin biyu suke tuhumar miji da shi ba.

Mu fara da ƙirar kalmar. "Mijin-ta-ce" harɗaɗɗen suna ne wanda aka gina da suna "miji", da mahaɗi "-n", da cikakkiyar jimla "ta ce". Irin wannan gini sananne ne a Hausa, kamar a "ka-ce-na-ce" da "faɗi-ka-mutu" da "bar-ni-da-mugu". Abin lura shi ne aikatau ɗin da aka zaɓa, watau "ce". Wanda ake laƙaba wa sunan shi ne maigidan da in 'yan'uwansa suka zo da magana ba ya yanke hukunci sai ya shiga cikin gida ya fito, sa'an nan ya maimaita abin da aka gaya masa. Ikon magana ne ya kuɓuce masa. Babu batun so a cikin kalmar, shi ya sa dangin miji sukan danganta halin da asiri, su ce an shanye shi.

Ita kuwa "uxorious" ta samo asali daga kalmar Latin "uxor", watau matar aure, kuma ta shiga Ingilishi a ƙarshen ƙarni na 16. Mawaƙin Rumawa Virgil, wanda ya rasu shekara 19 kafin haihuwar Annabi Isa, ya yi amfani da siffar "uxorius" a littafi na huɗu na waƙarsa Aeneid. A can ne Mercury, manzon allolin Rumawa, ya jefi Aeneas da ita, saboda ya zauna a Kartaj yana gina wa sarauniya Dido birni, ya manta da tafiya Italiya da aka ɗora masa. Laifinsa shi ne so ya shagaltar da shi daga aikinsa.

Saboda haka muna ganin "henpecked" ce ta fi kusa da "mijin-ta-ce". In za a fassara "uxorious", gara a bayyana ta, a ce "mai shagala da son matarsa".

Wannan bambanci yana da muhimmanci ko a cikin Hausar kanta. Ba mu da "matar-ya-ce", domin al'ada tana ɗaukar biyayyar mace abin da ya kamata. Amma mukan ji ana jifan duk wanda ya shawarci matarsa ko ya taya ta aiki da sunan "mijin-ta-ce". In malamai da masu ƙamus suka amince da wannan faɗaɗawa, mutumin kirki zai riƙa jin kunyar kyautata wa iyalinsa. Shawararmu ita ce a bar kalmar a kan wanda ya sallama ikon maganarsa kaɗai.