Mai Gane Ƙofar da Ke Kulle

Na taɓa zama kusa da wani matashi mai kula da sabar wani ƙaramin kamfani, ranar da manhajar ajiyarsu ta ƙi tashi. MinIO suka saka, ma'ajiyar nan mai jin yaren S3, tsarin da Amazon ya fito da shi a watan Maris na 2006. A wannan tsari bokiti ake buɗewa a zuba kaya a ciki, kowane kaya da sunansa, hoto ne ko bidiyo ko takardar albashi.

Manaja na tsaye a kansa yana cewa, "Don Allah ka buɗe komai kawai, mutane na jira." Ya amsa a hankali: "Ranka ya daɗe, a ba ni minti goma in ga wace ƙofa ce a kulle."

Bai goge manhajar ya sake sakawa ba, kuma tun daga nan ya burge ni. Da yawa in abu ya ƙi, sai su yi ta gogewa suna sakawa, kamar mai marin rediyo don ta yi magana. Shi kuwa ya buga journalctl, ya karanta abin da manhajar ta rubuta kafin ta faɗi. Layi ɗaya ya ishe shi: ba ta da ikon rubutu a wurin da aka ware mata a faifai. An buɗe wurin ne da asusun root, babban maigida a Linux, ita kuma tana aiki da sunan ƙaramin asusu, minio-user. An ba ta ɗaki, an hana ta makulli. Ya buga chown, ya mayar da mallakar wurin ga asusun da ya dace, sai ga ta ta tashi tana sauraro a ƙofa mai lamba 9000. Akwai hanyar ratse, chmod 777, wadda ke ba duk wani asusu da ke kan na'urar ikon karantawa da rubutawa. Ko kallonta bai yi ba.

Sai dai tsugune ba ta ƙare ba. Ma'aikaciyar lissafi ta shiga da mabuɗinta, aka ce mata AccessDenied. A nan gwanintar take, domin izini hawa biyu ne. Na Linux daban, na ma'ajiyar daban, kuma wanda bai raba su a kansa ba zai kwana yana gyaran abin da lafiyarsa ƙalau.

Ya buɗe takardar ƙa'idar da aka liƙa wa asusunta, ya sa yatsa a kan allo, ya ce in duba. An rubuta sunan bokitin, an ba ta ListBucket da GetObject. A idona komai daidai ne. Ya ce, "Ina tauraron?" Ashe sunan bokiti shi kaɗai bokitin yake nufi, wato tana iya ganin jerin abin da ke ciki. Kafin ta ɗauki kaya ko ɗaya, sai an ƙara layi na biyu, sunan bokitin da /* a ƙarshensa. Alamomi biyu kacal suka tsayar da aikinta. Ya ƙara su, ga bokitin lissafi kaɗai, na karatu kaɗai, tunda aikinta bai kai ga gogewa ba.

Ƙa'idar tsarin a kansa take kamar karatun allo. Duk abin da ba a ba da izininsa ba, a hane yake. In kuma an rubuta hani ƙarara a wuri ɗaya, to ya rinjayi izini ko guda nawa ne. Har ya gaya mini wani abu game da S3 na Amazon da ya tsaya mini a rai: in ka nemi kayan da babu shi, alhali ba ka da izinin ganin jerin bokitin, 403 (an hana ka) za a ba ka maimakon 404 (babu shi), don kada baƙo ya gane abin da ke ciki da wanda babu. Saboda haka wani "an hana ka" ɗin, kuskuren rubuta suna ne kawai.

Na ɗauka taƙaita izinin nan da yake yi yawan taka-tsantsan ne, sai na tuna da bankin Capital One na Amurka. A 2019 an kwashe bayanan mutum kusan miliyan 100 a Amurka da kusan miliyan 6 a Kanada daga ma'ajiyarsa ta S3, kuma cikin abin da ya sauƙaƙa satar har da asusun da aka ba ikon da ya fi ƙarfin aikinsa.

Da la'asar wata kwamfuta ɗaya ta ci gaba da gardama. Mabuɗi daidai, izini daidai. Ya karanta saƙon, RequestTimeTooSkewed, ya dubi kusurwar allon ya yi murmushi. Kowace buƙata ana sa mata hannu ne tare da lokacin da aka aiko ta, kuma in agogon kwamfuta ya saɓa da na sabar da fiye da minti 15, ba a karɓa. Ƙaramin batirin da ke riƙe agogon ne ya mutu, duk sanda aka ɗauke wuta sai lokaci ya koma baya. Ya saita agogon, ya aiki yaro ya sayo batiri.

Kafin ya tashi ya canza sunan shiga da kalmar sirrin da manhajar ke zuwa da su, minioadmin, waɗanda duk duniya ta sani. Sannan ya ɗauko littafi ya rubuta abu huɗu da ya taɓa a ranar, da dalilin kowanne, ya ajiye a aljihun teburin da ke kusa da sabar.