Fim Ba Ɗan Wasa, Ba Mai Ɗaukar Hoto: Bitar "Dragonfly Eyes" na Xu Bing

Tsawonsa minti 81 ne, kuma a cikin mintunan nan babu mutum ko ɗaya da aka biya ya tsaya gaban kyamara, babu kuma wanda ya saɓa kyamara a kafaɗa ya bi 'yan wasa. Kusan duk abin da ido zai gani a fim ɗin "Dragonfly Eyes", wato idanun mazari, an kwaso shi ne daga kyamarorin tsaro da mutanen ƙasar Sin suka kafa a shagunansu da gidajen abinci da gonaki da wuraren ibada da bakin tituna, suka jona su da intanet, hotunan suka riƙa kwarara ga duk mai son kallo. Xu Bing da mataimakansa sun tara kimanin awa 10,000 na irin waɗannan hotuna, suka tace, suka jera, suka ɗora musu muryoyi, sai ga labarin soyayya. An fara nuna shi a bikin fina-finai na Locarno a ƙasar Suwizalan a watan Agustan 2017, inda ya samu kyautar ƙungiyar masu sharhin fina-finai ta duniya.

Xu Bing ba ɗan fim ba ne tun asali, wannan ma shi ne dogon fim ɗinsa na farko. An haife shi a Chongqing a 1955, ya yi suna da aikin sassaƙa da ɗab'i. Aikin da ya fito da shi duniya a ƙarshen shekarun 1980 shi ne wanda ake kira "Littafi Daga Sama": ya zauna ya sassaƙa haruffan Sinanci kusan 4,000 da hannunsa, ya buga littattafai da su, alhali babu harafi ko ɗaya a ciki da ke da ma'ana. Duk ƙirƙirarsu ya yi. Mai karatu zai matso da zumuɗi, ya ga rubutu tsaf, ya kasa karanta komai. A wannan fim ya juya dabarar ne. Kowane hoto gaskiya ne, ya faru, da ranarsa da sa'arsa a rubuce a kusurwa, amma labarin da aka ɗora a kai ƙagagge ne daga farko har ƙarshe.

Tunanin ya zo masa tun 2013, sai dai a lokacin hoton kyamarar tsaro yana kulle ne a cikin na'urar da ke ɗakin mai gadi ko ofishin 'yan sanda, samunsa sai da roƙo. Zuwa 2015 al'amarin ya sauya. Ƙananan kyamarori marasa waya sun cika kasuwa da araha, kuma haɗa su bai fi aikin minti goma ba: ka jona wuta, ka sauke manhaja a wayarka, ka shigar da kalmar sirrin Wi-Fi, ka nuna wa kyamarar lambar nan mai zane-zane, shi ke nan. Daga wannan lokaci hoton ba ya tsayawa a gidanka. Yana tafiya ne zuwa manyan kwamfutocin kamfanin, a ajiye shi a can, daga can ya dawo wayarka ko kana wata ƙasa. Wasu kamfanonin sun ƙara da wani maɓalli da ke bai wa mai kyamara damar buɗe hotonsa ga jama'a, kuma dubban mutane suka danna, wani don tallar shagonsa, wani don nishaɗi, wani bai ma san me ya danna ba. Daga nan ne Xu Bing ya sa kwamfutoci a ɗakin aikinsa suna kwasa dare da rana.

Labarin, wanda mawallafiya Zhai Yongming da Zhang Hanyi suka rubuta, gajere ne. Wata budurwa mai suna Qing Ting ta bar gidan ibadar mabiya Buddha inda take zaune, ta samu aiki a wata katafariyar gonar shanun madara da injina ke tatsa. A can wani ma'aikaci, Ke Fan, ya kamu da sonta. Garin neman faranta mata ya karya doka, aka ɗaure shi. Da ya fito ya neme ta ƙasa ko sama ya rasa, har ya gamsu cewa tiyatar sauya fuska ta yi, ta koma wata tauraruwar intanet mai suna Xiao Xiao. Abin da ya yi bayan nan zan bar wa mai kallo.

Inda gwanintar take shi ne yadda aka sa ido ya yarda. Matan da ke fitowa a matsayin Qing Ting suna da yawa, babu wacce ta san 'yar'uwarta. Wata tana shara a wani gari, wata tana tsallaka titi a wani lardi shekara guda kafin nan. Amma kyamarar tsaro daga sama take kallo, daga nesa, hotonta dishi-dishi, fuska ba ta fita sosai. Da zarar murya ta kira sunan, sai ka ga kanka ka karɓi wadda ke tafe da dogon gashi a matsayin ita. Duk wanda ya saba kallon fina-finan Indiya da aka fassara da Hausa ya san wannan sihiri: bakin jarumi na faɗin wani abu, muryar da aka ɗora na faɗin wani, kuma muryar ce ke cin nasara. Bambancin a nan shi ne mutanen da aka ɗora wa magana ba su san suna cikin fim ba lokacin da ake ɗaukarsu. Masu tace hoton, Matthieu Laclau da Zhang Wenchao, ba su ma ɓoye ɗinkin ba. Sun bar kwanan wata da sa'a a kusurwar allo suna tsalle gaba da baya, shekara ta sauya tsakanin fita daga ɗaki da shiga mota, shaida na gabanka cewa ruɗinka ake yi, amma ka ci gaba da bin labarin. Batun tiyatar fuska kuwa wayo ne na marubuta: tun da ba za su iya riƙe fuska ɗaya ba, sai suka mayar da sauyin fuskar ya zama shi ne labarin.

Wannan darasi ya fi ƙarfin fim. Mun saba ɗaukar hoton kyamarar tsaro a matsayin shaidar da ba ta ƙarya. Da an ce "kyamara ta kama shi" magana ta ƙare. Xu Bing ya nuna cewa da hotuna na gaskiya zalla ana iya gina ƙarya mai kai da ƙafa, muddin mai jerawa ya iya jeri. Bayan ka kalli fim ɗin, guntun bidiyon da ake turowa a WhatsApp da rubutu a ƙasa cewa ga ɓarawo ko ga mai satar yara ba zai ƙara shiga ranka kai tsaye ba.

Abin da ya fi zama a raina shi ne wuraren da babu abin da ke faruwa. Shanu na jere a kan wani faifai mai juyawa ana tatsar su. Ɗakin ibada da tsakar dare, fitila na ci, babu kowa. Mace ita kaɗai a shago tana gyara gashinta, ba ta kallon kowa domin a saninta babu mai kallonta. Babu ɗan wasan da zai iya kwaikwayon wannan sakin jiki, domin ɗan wasa ya san da kyamara. Ita kuma kyamarar ba ta zaɓe, ba ta matsowa idan abu ya yi zafi, ba ta kau da kai don kunya. Akwai wani wuri tun a farkon fim ɗin da wata mata ke tafiya da dare idonta na kan waya, ta faɗa ruwa. Tana ta fafutuka, kyamarar na tsaye a inda aka kafa ta, agogon kusurwa na ƙirga daƙiƙu, har ruwan ya lafa. Da mai ɗaukar hoto ne, da ya jefar da kyamara ya yi tsalle. Wanda ya sayi kyamara yana ganin ya sayi mai gadi, ya kalli wannan wuri da kyau.

Amma a daidai nan ne kuma nake da ja da fim ɗin. Tsakanin sassan labarin ana watso jerin masifu kan-kan-kan: motoci na karo, gini na ruftawa, ƙasa na zaftarewa, ana dukan mutane, ga kiɗa mai tayar da hankali. Karo na farko yana girgiza mutum. Zuwa na uku ya zama abin kallo, irin wanda ake tarawa a intanet don jan 'yan kallo, kuma mutuwar mutanen gaske ce. An ce ma'aikatan fim ɗin sun bi sawun da yawa daga waɗanda fuskarsu ta fito sun nemi izininsu, wannan kuwa abin yabo ne, ya kuma tabbatar da wani abu mai ban tsoro, wato daga hoton kyamara ana iya gano shagon mutum har a ƙwanƙwasa masa ƙofa. To wadda ta nutse fa, wa ya nemi nata izinin? Fim ɗin da ke son mu ji nauyin kallon mutane ba da saninsu ba, shi ma ya ci daga wannan akushi, kuma bai tsaya ya tuhumi kansa yadda ya kamata ba.

Labarin soyayyar ma bai kai hotunan ƙarfi ba. Ke Fan mutum ne mai naci da saurin hannu, yana bin yarinyar da ba ta nuna tana son sa can-can ba, fim ɗin kuma yana lallaɓa shi kamar masoyin da aka zalunta. Hirarrakin wani lokaci suna komawa wa'azi a kan zahiri da baɗini. Muryar kwamfuta da ke zana akwati a kan mutane da dabbobi tana faɗin ko mene ne su, ta burge a 2017, yau kuwa ƙaramar kyamarar kasuwa ma tana turo maka saƙo cewa ta ga mutum ko mota. Sannan ga gwamnati, wadda ta fi kowa yawan idanu a ƙasar Sin: fim ɗin bai zurfafa a kanta ba. Wataƙila dole ce ta sa, Xu Bing a Beijing yake zaune yake aiki, amma giɓin a fili yake.

Tarihi ya yi wa fim ɗin gata. Watanni kaɗan bayan Locarno, a Disambar 2017, kamfanin Qihoo 360 ya rufe dandalinsa na Shuidi, ɗaya daga manyan wuraren da ake watsa hotunan irin waɗannan kyamarori kai tsaye, bayan jama'a sun yi ca a kan yadda ake nuna masu cin abinci da masu motsa jiki da yara a aji ba da saninsu ba. Ke nan abin da Xu Bing ya kwasa hoton wani ɗan taƙaitaccen zamani ne da ƙofa ta kasance a wangale, da wuya a sake yin irinsa ta wannan hanya. Kada dai a ɗauka matsalar ta Sin ce kaɗai. Tun a 2014 wani shafi mai suna Insecam ya tara hotunan kyamarori sama da 70,000 daga ƙasashe daban-daban, ba tare da fasa komai ba, masu su ne kawai ba su sauya kalmar sirrin da kyamarar ta zo da ita daga masana'anta ba. A Amurka kuma, a 2023, kamfanin Ring ya amince ya biya dala miliyan 5.8 bayan hukumar kula da kasuwanci ta ƙasar ta zarge shi da sakacin da ya bai wa wani ma'aikaci damar kallon bidiyon mata a ɗakunan kwanansu.

Irin waɗannan kyamarori, mafi yawansu ƙirar Sin, su ne yanzu ake kafawa a shaguna da gidaje a garuruwanmu, har da masu aiki da hasken rana da layin waya saboda rashin wuta. Dalilin sayensu a bayyane yake, halin tsaro ya sa kowa neman ido na uku, kuma ɗan kasuwa na jin daɗin ya duba shagonsa daga Makka ko Legas. Sai dai gidan Bahaushe an gina shi ne a kan sutura: zaure na tare baƙo, katanga na tare ido, namiji baligi ba ya faɗa wa tsakar gida sai da sallama da izini. Kyamarar da aka kafa tana kallon tsakar gida, inda mata ke aiki ba mayafi, ta tsallake duk wannan, ta kai hoton wata ƙasa ta ajiye a hannun mutanen da maigidan bai taɓa gani ba. Sau da yawa ma yaron da ya zo ya haɗa ta shi ya buɗe asusun da lambarsa, kalmar sirrin na wayarsa har gobe. Xu Bing bai san da zaure ba, amma fim ɗinsa ya fi kowace takardar gargaɗi da ke cikin kwalin kyamara bayyana abin da wannan ke nufi.

Da Sinanci ake magana a fim ɗin, da fassarar Turanci a ƙasa, kuma akwai wuraren da ba su dace da yara ko mai raunin zuciya ba. Duk da raunin labarinsa da yawan masifun da ya cusa, aiki ne da ya cancanci a nema a kalla, musamman ga masu shirya fim da ke ganin sai da kayan miliyoyi ake ba da labari, da masu sana'ar haɗa kyamarori. Kai kuma mai shirin kafa ta a gida, ka buɗe asusun da kanka, ka sauya kalmar sirri tun ranar farko, ka duba ko hoton a katin cikinta yake zama ko waje yake fita, sannan ka juya fuskarta ta kalli ƙofar gida da layi. Tsakar gida ka bar wa masu ita.