Fentin Gwangwani Ya Isa Faci, Amma Bai Isa Bonet Ba

A titunan Kano da Kaduna, da wuya mota ta shekara ba tare da Adaidaita Sahu ko babur ya goge mata ƙugu ba. A da, mai mota kan nufi gareji ya bar ta kwana biyu ko uku a hannun mai fenti. Amma tun da darajar naira ta faɗi a tsakiyar 2023, kayan fentin da ake shigowa da su suka yi tashin gwauron zabi, wasu sun koma yi da kansu. Sai ka ga matashi tsugune a ƙofar gida yana girgiza gwangwanin feshi, ya jingine waya da taya tana nuna masa bidiyon YouTube.

Gwangwanin ba sabon abu ba ne. Wani injiniya ɗan ƙasar Norway, Erik Rotheim, shi ya yi rajistar fasahar tun a shekarun 1920. A 1949 kuma Edward Seymour na garin Sycamore a jihar Illinois ta Amurka ya ɗura fenti a ciki, bisa shawarar matarsa Bonnie. A Amurka da Ingila, inda ladan mai fenti ke da tsada kuma gishirin da ake zubawa a titi lokacin ƙanƙara ke cinye ƙasan mota, gyaran gida ya daɗe da zama al'ada. Kamfanoni irin su Rust-Oleum da Dupli-Color suna cin kasuwarsa, masu bidiyo irin su ChrisFix kuma suna da mabiya miliyoyi.

Wannan ɗabi'a abar yabo ce, domin tana koya wa mai mota kula da abin hawansa. Ƙarfen da fenti ya ɓare a kansa, in damina ɗaya ta wuce ta kansa, tsatsa ta kama shi, daga nan ta bi ta ƙarƙashin fenti tana ci. Wanda ya goge wurin ya rufe shi a makon farko ya ceci fendarsa, ko da aikin bai yi kyan gani ba. Matsalar tana farawa ne daga lokacin da aka ɗauka gwangwani zai iya duk abin da bindigar feshi da kwamfaresa ke yi.

Fentin da mota ke fitowa da shi daga masana'anta hawa-hawa ne. Ana tsoma gangar jikin cikin wani ruwan kariya da lantarki ke manna shi a jikin ƙarfe, a bi da fentin shimfiɗa, a sa launi, sannan a rufe da kiliya mai sheƙi. Duka kaurinsu bai wuce kusan kashi ɗaya cikin goma na milimita ba, amma an gasa su a zafin da ya kai wajen digiri 140, shi ya sa suke da tauri. Fentin gwangwani na gama-gari kuwa bushewa kawai yake yi idan sinadarin da ya tsinka shi ya tashi. Saboda haka fetur na iya narkar da shi. Wanda ya fesa gefen murfin tanki da irinsa zai ga wurin ya yi dabbare-dabbare ranar da mai ya zubo a gidan mai.

Sai batun launi. Farin mota ba ɗaya ba ne. A yawancin motocin Toyota, lambar fenti tana jikin takardar da ke manne a ginshiƙin ƙofar direba, kusa da haruffan C/TR. Lamba 040 fari ne zalla, 070 kuwa fari ne mai ƙyalli wanda sai an yi masa hawa uku. Mai sayen gwangwani a kasuwa yakan duba launin murfi ne kawai ya biya. Ko ma ya dace da lambar, motar da ta sha ranar Sakkwato shekara goma ta riga ta koɗe. Gwanin mai fenti ya san haka, shi ya sa yake haɗa launi yana gwadawa a kan guntun ƙarfe, sannan ya sirka sabon fentin ya shiga ƙofar da ke kusa, yadda ido ba zai kama inda aka tsaya ba.

Abin da bidiyon ba ya nunawa shi ne yanayin da aka ɗauke shi. Galibi a rufaffen gareji ne, mai daɓen siminti, babu iska. Masu yin fentin kan ba da shawarar zafi tsakanin digiri 15 zuwa 25. A Kano cikin watan Afrilu ana kaiwa 40, bonet ɗin da ya yini a rana kuwa ya fi haka nesa. A irin wannan zafi, fentin kan fara bushewa tun yana iska, ya sauka da kaushi irin na ɓawon lemo. Da hunturu ƙura ce ke zama a kan ɗanyen fenti. Da damina kuma laima kan sa kiliya ta yi hazo-hazo. Ƙaramin wuri zai iya tsira idan aka yi shi da hantsi a inuwa, bayan an yayyafa wa ƙasa ruwa. Bonet ko rufin mota ba za su tsira ba, domin bakin gwangwani siriri ne, kafin a kai ƙarshen layi farkonsa ya bushe, sai zane-zane su fito.

Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da mai fenti ya ga cewa feshin ba ya ɗaukar lokaci, shiri ne ke cinye yini. Ana wanke wurin a cire maiƙo da man goge mota, domin ɗigon silikon kaɗan na sa fenti ya yi ƙananan ramuka. Ana kankare tsatsa da sanfefa mai kaushi, lamba 80, a koma 180, a sassauta da 320, bayan fentin shimfiɗa kuma a bi da 600 da ruwa har tafin hannu ya daina jin gargada. Sai a rufe kewaye da jarida da salatif. Ana girgiza gwangwani minti biyu, a riƙe shi tazarar kusan santimita 25, a fara feshi kafin a iso wurin, a saki bayan an wuce. Hawa uku marasa kauri, da hutun minti goma a tsakani, sun fi hawa ɗaya mai kauri wanda zai zubo. Bamba kuwa roba ce, tana da nata maganin da ake fara fesawa don fenti ya kama.

Akwai gwangwanin da ya magance matsalar tauri, wanda ake kira 2K, irin SprayMax na kamfanin Peter Kwasny da ke Jamus. Ana danna wani maɓalli a gindinsa, sinadarin da ke daskarar da fenti ya gauraya, sai a yi amfani da shi cikin kamar kwana biyu. Yana jure fetur, yana sheƙi sosai. Sai dai yana ɗauke da sinadarin isocyanate, wanda hukumar kula da lafiyar ma'aikata ta Birtaniya, HSE, ta sa cikin manyan masu haddasa ciwon asma a wurin aiki, kuma masu fentin mota na cikin waɗanda ya fi kamawa. Takunkumin ƙyalle ba ya tare shi. Fesa shi a tsakar gida, inda yara ke wasa kuma ake shanya da girki, ganganci ne da bai kamata wani bidiyo ya sa mutum ya yi ba.

Har ila yau akwai ranar sayarwa. A kasuwar motoci ta Najeriya, dillali kan fara da tambaya ko motar "fas bodi" ce, wato ba a taɓa sake mata fenti ba, ya zagaya ta a rana yana shafa ƙofofi. Ƙaramin ƙarce bai cika rage kuɗi sosai ba, amma ƙofar da launinta ya bambanta kan sa mai saye zargin an yi babban haɗari.

Don haka gwangwani ya dace da murfin madubi, da kusurwar bamba, da rim, da ƙasan ƙofa inda tsatsa ta fara leƙowa. Wanda zai fara, ya sayi tsohuwar fenda a kasuwar Ƙofar Ruwa ko ta Panteka ya koyi hannu a kanta tukuna. Bonet da rufi da duk fenti mai ƙyalli kuwa a kai wa mai bindigar feshi, a kuma tambaye shi a ina zai fesa, da wace irin kiliya zai rufe.