Jinjina Ga Masu Zanen Khartoum Da Omdurman

Ibrahim El-Salahi, haifaffen Omdurman a 1930, ya sha ɗaurin wata shida a kurkukun Kober a 1975 ba tare da shari'a ba. A can yakan yi zane a ɓoye kan guntayen takarda, ya binne su cikin ƙasa kada gandiroba ya gani. Daga baya ya duƙufa kan zanen gawo, itacen nan mai zubar da ganye da damina, ya yi kore shar da rani.

Jikokinsa a sana'a sun fito fili a zaman dirshan na Afrilun 2019 gaban hedikwatar soja a Khartoum. Alaa Satir ta cika bango da matan da suka ja ragamar zanga-zangar. Assil Diab kuwa, wadda aikinta ya fi taɓa zuciya, gida-gida ta riƙa bi tana zana fuskokin matasan da aka kashe a bangon gidajen iyayensu. Bayan kisan da aka yi wa masu zaman dirshan ranar 3 ga Yuni, an shafe zanuka da dama da fenti.

Yaƙin da ya ɓarke a ƙasar a 2023 ya tarwatsa da yawa daga cikin masu zanen zuwa Alƙahira da Nairobi, amma ba su ajiye buroshi ba. Allah ya ƙara musu basira, ya maido su gida lafiya.